Sambanin Dalma a Bikin Habiba

Ko da zan manta da ranar aurena (kuma na soma mantawa, don ko kalar mayafin da aka lulluɓa mini ba na iya tunawa), ba zan taɓa mantawa da yinin bikin Habiba ba. Har yau in ina miya ludayi ya bugi bakin tukunya ya ce ƙwaf, sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa, in tsaya ni kaɗai a madafa ina dariya kamar wadda ta zautu.

Habiba 'yar yayata ce. Uwarta ta rasu ta bar ta tana tatata, ni na ɗauke ta. Da aka yi mana jiha aka dawo da maigidana aiki Dutse, da ita muka zo a bayan motar kaya, tana rungume da fitilar ƙwai kada ta fashe, tun daga Kano ba ta sake ta ba. A hannuna ta yi firamare, ta yi sakandare, ta sauke Alƙur'ani. Da wani malamin makaranta ɗan Kiyawa ya fito neman aurenta, ita ma tana sonsa, sai na ce a raina wannan biki ba na Habiba kaɗai ba ne, amanar yayata ce zan sauke.

To lokacin an soma shari'a, an kuma ce a daina kiɗe-kiɗe a wajen biki. Ni ba na cikin masu ƙorafi, Allah ya sani. Na daɗe ina ƙyamar yadda maza ke kutsawa tsakiyar mata da sunan liƙi. Sai dai mutane da suka ji an ce a bar kalangu, sai suka bar komai, har guɗa wasu tsoron yi suke. Muka je wani yini a unguwarmu ni da Habiba, tun da muka zauna ba abin da ake ji sai ƙarar cokula da kukan jarirai. A hanyar dawowa ta ce, "Umma, ni ma haka nawa zai zama? Kamar an zo gaisuwar mutuwa?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Naki? Wallahi sai an ji naki har bakin titi" ba.

Na rantse, saura cikawa. Na juya abin a raina har na tuna da Iya, kakata ta Ringim, da sambaninta. Ga wanda bai taɓa gani ba, sambani wasu faifayen ƙarfe ne masu siffar ruwan fartanya, biyu a hannun dama biyu a hagu. Ana huda gefensu a saƙala ƙananan zobba, a bayansu kuma akwai wurin zura yatsa. In mace ta buɗe hannu ta rufe sai su haɗu su yi ƙara, zobban su biyo baya da caccaka. Mata ke kaɗa shi, kuma da begen Manzon Allah ake kaɗa shi. In watan Mauludi ya kama, Iya ta fito da nata daga ƙasan adaka, duk gidan sai ya cika da mata. Bayan rasuwarta aka nemi sambanin aka rasa.

Na kai wa maigidan maganar yana cin tuwo. Ya ce, "In bege ne, kuma ku mata ne zalla a cikin gida, ban ga abin hanawa ba. Amma ke kin iya?"

Na ce, "Haba Malam, a hannun Iya fa na tashi."

(Gaskiyar magana, na taɓa ɗaukar sambanin Iya ina yarinya, ya datse mini fatar yatsa na yar na ruga da kuka. Amma waƙoƙin kam suna kaina, kuma muryata ba ta da laifi.)

Daga nan ne wayona ya soma yi mini yawa. Abin da na fi tunawa da sambanin Iya shi ne muninsa. Baƙi ƙirin, ga nauyi, ga tsatsa a gefe, in ta gama kaɗawa tafin hannunta har wari yake irin na ƙarfe. Ni kuwa ankon da muka fitar fari ne mai ratsin azurfa, kwanukan jeren amarya duk sai walƙiya suke. Na ce ina ni ina fito da baƙin ƙarfe a gaban dangin miji? Ai zamani ya ci gaba. Ga shi na yi sakandare, har kyautar zane na taɓa ci a aji uku. Na samo kwali da almakashi, na zana siffar sambani yadda nake tuna shi, na yanke guda huɗu, har da ɗan lanƙwasa a baki don ya fi na Iya kyau.

Ranar kasuwa na saka hijabi na tafi. Sai da na bi ta gaban rumfar maƙeran baƙin ƙarfe, ina jin masaba na sauka a kan uwar maƙera, ƙarar tana shiga har cikin haƙora. Da ina da rabo da a nan na tsaya, don kunnena ya gaya mini gaskiya. Amma idona bai ga komai ba sai lauje da gatari da hayaƙi, na kau da kai na wuce. Gaba kaɗan ga rumfar Malam Idi mai zuba tukwanen dalma. Ya jera ludaya da tukwane a rana suna ɗaukar ido kamar madubi. Nan take zuciyata ta ce ga wurin.

Ya juya kwalin gaba da baya ya ce, "Hajiya, murfin mene ne wannan?"

"Ba murfi ba ne, sambani ne."

"Sambani! Rabona da jin sunan nan tun ina yaro. Ni dai ban taɓa zuba shi ba, amma duk abin da ya shiga yashin nan sai ya fito."

"Ina son ya yi ƙyalli fa, kuma kada ya yi nauyi."

"Ƙyalli? Hajiya, sai kin ga fuskarki a ciki."

Mutumin kirki ne, ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da na ce shi ya yi. Har na koma na kawo masa wata tsohuwar tukunyar yayata da ta tsage tun tuni na kasa yarwa, na ce ita nake so ya narka. A tunanina, in aka kaɗa sambanin kamar uwar Habiba ce ta sa baki a bikin 'yarta. (Wannan tunanin kam ban ji kunyarsa ba har gobe.)

Na tsaya na ga aikin da idona. Ya manna wa kowane kwali wani kwalin a baya don su yi kauri, ya danna su a cikin yashi mai laima a wani akwatin katako, ya zare su a hankali suka bar gurbinsu. Ya farfasa tukunyar ya zuba a kasko a kan gawayi, ya yi ta zuga har ta narke ta koma kamar kunu mai sheƙi. Ya kwashe dattin da ya taso sama, ya tsiyaya ta wani ɗan rami. Da ta huce ya fasa yashin, sai ga faifaye huɗu. Ya goge su da magagari, ya huda gefe, ya naɗa zobba da wayar dalma, ya ƙara mini da zanen fulawa kyauta. Na riƙe ɗaya, shafal kamar ganye, na kuma ga fuskata a ciki kamar yadda ya ce. Na ce a raina, Allah ya jiƙan Iya, ba ta ga ci gaba ba.

Za ku ce ban gwada ba ne? Na gwada mana. Ai nan ne abin yake.

Katangar da ke tsakaninmu da maƙwabciyata Maman Nura, in kin yi tari a ɗakinki sai ta ce miki sannu daga nata. Ga shi na riga na cika mata baki cewa akwai abin mamaki a bikin nan, na ƙi faɗa mata ko mene ne, ita kuwa ta kafa kunne. In ta ji da safe, kafin azahar matan Dutse sun gama ji. Don haka na jira rana ta take, yara suna makaranta, Habiba ta tafi kitso. Na kulle ɗaki, na ciro barguna biyu na lokacin sanyi, na shige ƙarƙashinsu da sambanina, a tsakiyar bazara. Na zura yatsu na kaɗa. Na ji ɓaf, ɓaf. Na sake. Ɓaf, ɓaf. Sai na gyaɗa kai cikin duhu na ce madalla, bargon nan ya yi aikinsa, ya danne ƙarar tsaf. In a ƙarƙashin bargo biyu yana ɓaf, ai a fili sai an toshe kunne.

Na fito jiƙe sharkaf da gumi daidai lokacin da maigidan ya dawo cin abinci. Ya dube ni ya dubi bargunan ya ce, "Subhanallahi, zazzaɓi ne?" Na ce a'a, shanya zan yi musu.

Ranar yini ta zo. An kafa rumfa a tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Dangin ango suka iso daga Kiyawa mota guda, a gabansu Gwaggo Tasalla, yayar mahaifin ango. Doguwar tsohuwa ce mai tabarau, ba ta da yawan magana, in ta kalli abu sai ki ji kamar ta auna shi a mudu. Aka ba ta kujera 'yar tsugunne a gaba, aka ajiye mata kwanon kunun gyaɗa. Aka fito da Habiba a lulluɓe aka zaunar da ita tsakiyar ƙawayenta. Aka ci aka sha, sai wurin ya soma yin shirun nan da yarinyar take tsoro. Na ga ta ɗago mayafi kaɗan tana nemana da ido.

Na miƙe. Da kaɗawa kawai na yi, da da sauƙi. A'a, sai da na yi jawabi.

Na ce, "Jama'a, salamu alaikum. An ce a bar kiɗan banza, mun bari, mun kuma gode wa Allah. Amma iyayenmu suna da abin da suke begen Manzo da shi. Yau za ku ji sambani, sai dai ba irin na da ba, wannan na zamani ne."

Na warware sabon tawul ɗin da na naɗe su a ciki. Rana ta faɗa musu, haske ya watsu har kan bango. Mata suka ɗauki "Masha Allah!" Wata daga cikin 'yan Kiyawa ta ce, "Kai, azurfa ce?" Ban ce e ba, amma Allah ya gafarta mini, ban ce a'a ba. Maman Nura ta dafe ƙirji ta ce, "Maman Habiba, ashe abin da kike ɓoye mana ke nan!" Gwaggo Tasalla dai tabarau kawai ta gyara.

Na zura yatsu, na ɗaga hannuwa sama yadda Iya take yi, na gyara murya na ja salati mai tsawo. Mata suka amsa. Na buɗe hannu na rufe.

Ƙwaf.

Kamar an buga silifa biyu don a kaɗe ƙasa. Zobban kuwa ko motsin kirki ba su yi ba, wani ɗan shaf-shaf suka yi irin na busasshen ganye. Na ce a raina ban sa ƙarfi ba ne. Na ƙara ja, na ƙara bugawa. Ƙwaf, ƙwaf. Na ji wata yarinya ta ce, "Inna, an fara?" Gumi ya karyo mini. Sai a lokacin bargunan nan suka faɗo mini a rai, na gane ashe ba su danne komai ba, zaluntarsu na yi. Amma maimakon in tsaya, sai na ciji leɓe na tattara duk ƙarfin da nake tuƙa tuwon suna da shi, na haɗa hannu biyu na maka su gaba ɗaya.

Wannan karon kam an ji ƙara. Ƙas! Faifai ɗaya ya rabe biyu, rabin ya tashi sama yana juyi yana walƙiya, duk mata suka bi shi da ido, ya sauko tsulum a cikin kunun Gwaggo Tasalla. Kunu ya fantsama mata a tabarau, ya gangaro ta kan hanci.

Wurin ya yi tsit, har tattabarun maƙwabta ina ji. Tsohuwar nan ba ta yi gaggawa ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar. Ta sa yatsa biyu ta tsamo gutsuren, ta juya shi ta dubi zanen fulawar, ta ƙwanƙwasa shi da farce. Sannan ta ɗago ta ce, "'Yar nan, wannan ai ludayi ne aka hana shi zama ludayi."

Wayyo Allah. Dariyar da aka yi ban taɓa jin irinta ba. Maman Nura har da kwanciya a tabarma tana dukan ƙasa. Wadda ta ce azurfa ce ita ta fi kowa, tana cewa, "Azurfar miya!" Na dubi wajen Habiba, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa a ƙarƙashin mayafi, ban sani ba kuka take ko dariya. Na saki sauran faifayen a kan tawul, na ce bari in duba wuta, na yi madafa da sauri har ina tuntuɓe da buta.

A madafa na tsuguna gaban murhu na bar hayaƙi ya shiga idona, don in an shigo in ce shi ne. Ba kunyar kaina ce ta fi ci na ba. Na yi wa marainiya rantsuwa, na fasa tukunyar uwarta, ga shi abin da dangin mijinta za su riƙa tunawa da gidansu ke nan. Ina cikin haka na ji ƙamshin turare da lalle a bayana. Habiba ce, ta taso daga wurin zamanta, abin da amarya ba ta yi.

Ta dafa ni ta ce, "Umma, ki bar shi. Wallahi ba komai. Ai an yi dariya, ba a yi shiru ba. Ya ishe ni."

Idonta jajir. Yarinyar da na goya ita ke lallashina ranar bikinta. Na miƙe da sauri don kada ta ga fuskata, ƙafata ta ture wani abu a gindin murhu, ya faɗa kan ɗan'uwansa.

Ƙyiiiin!

Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe tana yawo a madafar kafin ta mutu. Muka dubi juna. Tsofaffin ruwan fartanyar maigidan ne guda biyu, waɗanda suka cinye a gonarsa ta hanyar Kiyawa har ya cire su daga ƙota ya yar, ni kuma na tsince su ina ɗibar garwashin turaren wuta da su. Noma ya sa sun yi siriri, wuta ta mai da su baƙi ƙirin. Na ɗauki ɗaya ta wajen tsinin da ke shiga ƙota, na buga a kan ɗayan. Muryar sambanin Iya ce sak. Sai na tuna ashe ba banza sambani ya yi kama da fartanya ba. Na sha ganin Iya tana tara tsofaffin ruwan fartanya a bayan rumbu tana cewa na maƙeri ne, ban taɓa tambayar me zai yi da su ba.

Na ce, "Habiba, ciro mini zobban labulen can."

"Umma, me za ki yi?"

"Ke dai ciro, ki koma ki zauna. Amarya ba ta tsayuwa a madafa."

Labulen ƙofar madafar da zobban ƙarfe aka rataye shi. Muka zare su, na zura a tsinin kowace fartanya, na ƙara da tarin makullan sito a ta dama, na ɗaure bakin da tsumma don kada su zube. Ɗaya har da sauran ɗumin garwashi. Na girgiza, suka ce caccaca. Na goge hawaye da bayan hannu, ban san na shafa wa fuskata baƙin tukunya daga kunci har kunne ba. Farin ankon nan mai ratsin azurfa kuwa, gabansa ya riga ya koma na mai sayar da gawayi.

Na ce bismillahi na fito. Da suka gan ni da fartanya a kowane hannu, dariyar da ta soma lafawa ta dawo sabuwa. Maman Nura ta ce, "Maman Habiba, yanzu kuma noma za a yi mana?" Ban kula ta ba. Na tsaya a inda na tsaya ɗazu, ba jawabi, na ɗaga hannu na haɗa su.

Ƙarar ta ratsa dariyar ta yanke ta. Na sake bugawa, na bar zobban suka biyo baya, na kama tafiyar da Iya take yi, biyu a jere ɗaya a ware. Hannuna ya tuna abin da ni ban san na riƙe ba. Na ja salati, sannan na sa baitin da ya zo mini a lokacin, don ba na Iya ba ne, nawa ne:

Ku yi salati mata, ga marainiya za ta gida,
Wanda ya tashi maraya, shi muke bege.

Ban kai ƙarshe ba na ji wata murya mai kauri ta karɓa. Gwaggo Tasalla ce. Ta miƙe tsaye, da sauran kunu a gefen tabarau, ta ɗaure mayafi a ƙugu ta amsa baitin kamar tare muka shirya. Ashe ita ma a gidan masu bege ta tashi. Tana amsawa duk 'yan Kiyawa suka ɗauka, namu suka bi. Wata tsohuwa da ta daɗe tana riƙe da guɗarta ta sake ta gaba ɗaya. Maman Nura ta fice da gudu, sai ga ta da ruwan garmar mijinta da muciyar ƙarfe, tana bugawa ba kan gado amma da zuciya ɗaya. Masu makullai a bakin zani suka kunto suna girgizawa, sauran suka sa tafi. Gwaggo ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni nan, 'yar nan, ki huta," na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, yau sai na rama." Ta yi dariya har na ga gibinta.

Na waiga wajen Habiba. Ta yaye mayafin da kanta, hawaye na zuba tana dariya tana tafi, ƙawayenta na ta jan ta ta rufe fuska ta ƙi. Ba mu tsaya ba sai da aka kira la'asar. Maigidan ya gaya mini daga baya cewa su da ke zaune a gindin darbejiya a bakin titi, hira suka bari suna amsa salati, har wani mai babur ya tsaya yana tambaya ko Mauludi ake. Na ce, "A bakin titi ka ce?" Ya ce e. Na ce alhamdu lillahi, ba kaffara a kaina.

Da za su tafi Gwaggo Tasalla ta kira ni gefe ta ce in ba ta fartanyun. Na ɗauka wasa take. Bayan an kwana biyu sai ga saƙo daga Kiyawa a ƙunshe cikin tsumma. Maƙerin unguwarsu ya sa su a wuta, ya raba kowace biyu, ya buge su suka ƙara faɗi, ya huda gefe ya saƙala zobban baƙin ƙarfe, ya lanƙwasa wurin yatsa. Ko'ina tabon masaba ne. Baƙaƙe, munana, masu nauyi, kamar na Iya. In na kaɗa su ana ji daga layi na uku. Tun daga lokacin ba a cika yin yini a unguwarmu ba a aiko mini ba, har Ringim da Miga an kai ni. Sai dai duk inda na shiga, kafin in ajiye takalmi sai na ji wata ta ce, "Ga Hajiya Ludayi nan ta iso." Sunan ya bi ni, jikokina ma sun ɗauka sunan yanka ne.

Gutsattsarin dalmar kuwa na tattara su na mayar wa Malam Idi. Yana ganina ya washe baki ya ce, "Hajiya, yaya sambani? Ya yi magana?" Na ce, "Ya yi, sau ɗaya." Na ce ya sake narka su ya zuba mini ludayi, kamar yadda Gwaggo ta faɗa. Na kai wa Habiba ɗakinta na gaya mata daga tukunyar wa ya fito. Ta karɓa ta rungume shi a ƙirji. Har yau da shi take zuba wa 'ya'yanta miya, ba ta yarda ko maƙwabta su ara.

Ni dai abin da na ɗauka a ranar, ban da cewa dalma ta tukunya ce, shi ne in zan gwada abu in gwada shi a tsakar gida da rana tsaka, Maman Nura ta ji. Dariyar mace ɗaya ta bayan katanga ta fi mini sauƙi a kan ta mota guda daga Kiyawa. Bargunan nan kuma na nemi gafararsu, sanyi kawai nake fito da su yanzu.